Maganar da Layi Ya Ƙi Ɗauka

"Tagogi biyu," in ji shi.

"Huɗu," na ce.

"Haba Rediyo, cinikin tumatir muke yi? Biyun ma da ƙyar na samo su daga bakin Manaja."

"To koma ka samo huɗu. Ai ka iya baki."

Ya ajiye kofin shayinsa a kan bencin mai shayin da ke bayan kamfaninmu, ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Haka yake yi duk lokacin da yake lissafi a zuci.

"Uku," ya ce. "Da fanka ɗaya ta sama a ɓangaren guga. Ki bar ni haka, don Allah."

"Uku da fanka. Kuma ranar Asabar?"

Ya yi murmushin nan nasa mai lotsa kumatu ɗaya. "Asabar ai ba ta cikin ciniki, ranki ya daɗe. Kawunaina sun riga sun ba da ɗinki."

Na ce na yarda. Mai shayi da ya kasa kunne tun ɗazu yana yi kamar yana yanka burodi ya ce, "Allah ya sa albarka," bai ma san abin da aka saya ba. Ni kaina, wallahi, ban tabbata na san abin da na sayar ba.

'Yan uwa, wanda yau ne ya fara shigowa labarina, bari in ba shi kujera. Ni tela ce a wani babban kamfanin ɗinki, muna ɗinka rigunan ma'aikata da kayan 'yan makaranta, ana ɗaure su a kwali ana fita da su waje. Rediyo suke ce mini, don tun daga ƙofa ake jin na iso. Shi kuma wannan mai hankicin shi ne akawun ofishin ma'aikata, a saman bene yake zama cikin sanyin na'ura. Akawu kowa ke ce masa. Ya daɗe yana nemana, gidanmu sun san shi, kuma ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo wurin Baba.

Zauren da muke ɗinki kuwa, mu Tanda muke kiransa. Dogo ne, in kina layin ƙarshe kamar ni, wanda ke ƙofar gaba ɗan mitsitsi za ki hango shi. Bara aka sace bandir-bandir na yadi ta taga, sai Manaja ya kira mai walda ya like tagogin duka. Ɓarawon ba a kama shi ba, iska aka kama. Ga zafin injuna, ga tururin guga, ga numfashin mata. Tun daga lokacin mata ke faɗuwa. Wadda ta faɗi a yayyafa mata ruwa, a ce ba ta karya kumallo ba, ko a ce ciwon mata ne, ko a ce dama can raguwa ce. Mu ma haka muke cewa. Ke da kika faɗi ma kunya za ki ji, ki tashi kina ba da haƙuri.

Makon jiya ƙawata Maɓalli, mai injin sa maɓalli, ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya daki gefen tebur, sai da aka yi mata ɗinki a asibiti. Da na tambayi Akawu me suka ce a sama, ya ce, "Ɗan tsautsayi ne."

To ga shi baƙin da ke sayen kayanmu za su zo duba kamfani, kuma sun ce suna son jin muryar ma'aikaciya ɗaya. Akawu ne ya ba da sunana. Cinikin da kuka ji shi ke nan: in faɗi abin da ya tsara mini, kada in ambaci walda, kada in ambaci faɗuwa, kada kalmar Tanda ta fito daga bakina. Baƙi na tafiya, a yanke tagogi uku.

"Ki fahimce ni," ya ce yana raka ni tashar bas. "Ba ƙarya za ki yi ba. Zafi, ƙarancin iska, duk abu ɗaya ne. Amma in kika ce zafi, baƙon nan zai ɗauki jakarsa ya kai aikin wani gari. Wa zai ciyar da matan nan? Bakinki?"

"To ai zafin ne."

"Na sani. Amma akwai yadda ake faɗar abu a samu, akwai yadda ake faɗa a rasa. Shekara nawa kuna ihu a ƙasa? Taga nawa ihun ya buɗe?"

Gaskiyarsa, ko ɗaya bai buɗe ba. Abin da ke ruɗa ni da mutumin nan ke nan. Ba mugu ba ne. Shi ya roƙa aka biya kuɗin asibitin Maɓalli. Sai dai komai nasa a goge yake, har soyayya. Tun da muke bai taɓa ce mini yana sona ba. Cewa yake, "Ina da kyakkyawar niyya game da ke." Ranar da na fara ji, na ɗauka filin gida zai sayar mini.

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo. A wayata Mai Biro na sa masa suna.

"Ga jawabin. Ki haddace. Kada ki ƙara, kada ki rage. Ki sa shuɗiyar rigar nan, tana yi miki kyau a hoto."

A gida na tarar Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta tare mana falo tun Asabar ba ta zo ba. Ta sa an sauke labulayen an wanke, an ciro kofunan gilashin nan masu bakin zinariya da ba a taɓa shan ruwa da su ba tun da aka haife ni. Umma na durƙushe tana goge ƙafafun kujera.

"Ga 'yar jarida ta dawo," in ji Gwaggo. "An ce gobe ke ce a gaban manyan baƙi. To ki ji ni da kyau. Bakin nan naki ki ɗaure shi da igiya. Yaro mai albashi, mai kujera, ba ya sha ba ya yawo, kada ki je ki kwance masa zani a gaban ubangidansa."

"Gwaggo, ai shi ya rubuta mini abin da zan ce."

"Alhamdu lillahi. Ashe yana da hankali fiye da yadda na zata."

Umma ta ɗago ta ce, "Karanta mana mu ji, auta."

Na miƙe tsakiyar falo da waya a hannu, na gyara murya. Baba na gefe a kujerarsa ta roba yana gyara madaurin agogonsa. Tsohon direban babbar mota ne, ba ya yawan magana, in ya yi kuma sai ka kwana kana juya ta.

"Muna maraba da baƙinmu masu daraja. Muna godiya ga hukumar kamfani bisa kulawar da take ba mu kamar 'ya'yanta. Muna aiki cikin walwala. Akwai 'yan ƙalubale na ƙarancin iska a wasu lokuta, amma ana kan duba su."

Gwaggo ta tafa. "Kai! Kamar a talabijin."

Baba bai ɗago ba. "Wane kamfani ne wannan?"

"Namu mana, Baba."

"A'a. Na ɗauka wani sabo aka buɗe. Da na ce ki nema wa yayarki aiki a can."

Umma ta ƙunshe dariya da gefen mayafi, Gwaggo ta ce, "Kai dai ba ka canjawa, shi ya sa ka tsufa a kujerar roba." Baba ya ce ai ta roba ba ta cin mutum da kuɗin cizo. Suka kama, ni kuwa na shige ɗaki da jawabina, na ji ya yi mini nauyi a hannu.

Ina cire ɗan kunne saƙon murya ya shigo daga Maɓalli. Muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin kukan ɗanta a baya.

"Rediyo, an ce ke za ki yi magana. Don girman Allah kada ki kira sunana. Maigidan ya ce in aka sake jin sunana a maganar kamfani na bar aikin ke nan. Amma kuma... ke dai kin san abin da ya dace. Kai, ban sani ba. Ki yi yadda kika gani."

Kun ji fa. Wadda goshinta ya fashe ma ba ta san me take so in ce ba. To ni wa zan bi?

Na tura wa Uwar Layi saƙo. Ita ce babba a cikinmu, a gabana take zama, bayanta nake kallo tun ranar da na fara aiki. Na rubuta mata duk yadda muka yi da Akawu, har tagogi uku da fanka. Ta karanta, alamar ta yi shuɗi. Can sai ga amsa:

"Allah ya kai mu."

Shi ke nan. Na juya wayar, na sake juyawa, ko akwai saura a baya.

Da safe na sa shuɗiyar doguwar rigar mai ƙananan furanni a wuya, na yafa farin mayafi, Umma ta fesa mini turarenta na unguwa. Da na shiga Tanda sai da na ja da baya na duba ko na yi ɓatan ƙofa. An yi fenti. An share zaren da ke ƙasa. An jera manyan fankokin haya masu ƙafa tun daga gaba har baya, suna ta kaɗa kai kamar masu gaisuwa. Tagogin kuwa, an rataya musu labulaye masu ruwan madara, har da ɗauri a tsakiya. In ba ka sani ba sai ka ce an sauke su ne don rana.

"Yau mu ne a otal," in ji wata daga ɓangaren guga.

"Ki shaƙi iskar da kyau, ta haya ce, da yamma za a mayar."

Kafin in ci gaba, sai na gaya muku wani abu game da aikinmu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba. In injuna na gudu a Tanda, ko ihu kika yi ta layi na uku ba za ta ji ki ba. Don haka muna da abin da muke kira miƙa. In zare ya ƙare mini a baya, sai in ce, "Baƙin zare, layin ƙarshe!" Layin gabana su ɗauka baki ɗaya, na gabansu su ɗauka, har maganar ta isa sito a gaba. Haka amsa ke dawowa. Amma miƙa tana da doka. Shekarun baya wata sabuwar yarinya ta yi wasa ta ce, "Wuta!" aka miƙa, mata suka yi rububin ƙofa, wata ta karye a ƙafa. Tun ranar Uwar Layi ta kafa sharaɗi: ba a miƙa abin da ba a gani ba. In kin ce zare ya ƙare, ta gabanki sai ta waiga ta ga ƙwaryar zaren babu komai kafin ta buɗe baki. Abin ya zame mana jiki, ba ma ko tunaninsa. Mutanen sama sun san muna miƙa. Dokar ce ba su sani ba, don ba su taɓa zama a layi ba.

Baƙin suka iso da hantsi: wata doguwar mace mai furfura da tabarau, da maza biyu, da tafintansu, don ba sa jin harshenmu. Aka zaunar da su a gaba. Manaja ya sha kwat a wannan zafi. Akawu ya taho har layin ƙarshe da kansa ya miƙo mini makirufo marar waya, don an shirya in yi magana daga bakin injina, a ga ma'aikaciya a wurin aikinta.

"Kin yi kyau," ya ce a hankali. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ya koma gaba. Aka kashe injuna. Manaja ya yi nasa jawabin, aka tafa. Aka kira ni. Na miƙe, na kai makirufo baki, na ce, "Muna..."

Sai ji muka yi ɗas! daga akwatin wuta. Fankokin haya da lasifika da fitilun hoto sun yi wa wayoyin kamfani yawa. Komai ya mutu. Fankokin suka yi ta rage gudu har suka sunkuyar da kai. A waje aka tayar da janareta, ya yi ta ruri kamar zai tsaga bango, amma wuta ba ta shigo ba.

"Ɗaga murya!" Manaja ya yi mini nuni da hannu.

Na ɗaga. Rurin janareta ya haɗiye ta. Na hango matar mai tabarau ta kai hannu kunne tana girgiza kai. Sai Manaja ya yi dariya, ya juya wurin tafinta yana bayani da hannuwa, da alama yana cewa ku tsaya ku ga dabarar yarana. Ya juyo ya daka tsawa:

"Ku miƙa mata!"

Na ga kan Uwar Layi ya ɗan motsa. Ba ta waigo ba.

Na ce, "Muna maraba da baƙinmu."

"Muna maraba da baƙinmu!" in ji layin gabana. Na gaba suka ɗauka, na gaba suka ɗauka, maganar ta yi ta mirginawa har gaba. Baƙin suka yi murmushi, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. Manaja kamar ya yi rawa.

Na ce, "Muna godiya ga hukumar kamfani bisa kulawar da take ba mu kamar 'ya'yanta."

Shiru.

Na ɗauka ba su ji ba. Na maimaita da ƙarfi. Bayan Uwar Layi na nan a gabana, faffaɗa, da jiƙon gumi tsakanin kafaɗu, ko gezau. Ta kusa da ita ta sunkuyar da kai tana wasa da almakashi. Ba wanda ya hana su, ba wanda ya shirya da su. Sun duba ne kawai ba su gani ba.

Na tsallake. "Muna aiki cikin walwala."

Shiru. Wata ma ta yi tari.

"Akwai 'yan ƙalubale na ƙarancin iska."

Maganar ta fita daga bakina ta faɗi nan a kan teburin injina. 'Yan uwa, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A falonmu jawabin nan kamar a talabijin, a nan kuwa ko taku ɗaya ya kasa yi. Na hango Akawu a gaba yana juya hannu, wai ci gaba, ci gaba. In ci gaba da me? Fenti sabo na wari, fankoki sun mutu, mata sun cika zaure, gumi na gangarowa daga goshina yana shiga idona da kwalli. Kaina ya fara juyawa irin juyawar da na sani. Na dafa tebur.

Ku yarda da ni, ba jarumta na yi ba. Ba da kowa nake ba. Da kaina nake, kamar yadda mutum ke yi in ya taka ƙaya. Na ce, "Wayyo, zafi."

Uwar Layi ta waigo. Ta dubi fuskata kamar yadda take duba ƙwaryar zare. Ta juya gaba ta buɗe baki.

"Zafi!"

"Zafi!" in ji layinta. "Zafi! Zafi!" Kalmar ta tafi gaba da gudu, kowane layi na ƙara mata nauyi, har ta fi ƙarfin janareta. Kalmar da muke faɗa kullum a bayi da tashar bas, ban taɓa jin ta a bakin mata da yawa haka lokaci ɗaya ba.

Tafinta ya sunkuya ya faɗa wa matar. Ita ma gumin take sharewa. Ta yi magana, tafinta ya faɗa wa layin farko, sai ga tambaya ta taho baya, layi bayan layi, har ta iso ni:

"Ta ce me ya sa ba za a buɗe tagogi ba?"

To nan ne fa. Na farko suɓutar baki ce, wannan kuwa tambaya ce, kuma ni aka yi wa. Na dubi Akawu. Daga nesa ma na ga ya girgiza kai kaɗan, hankicin na dunƙule a hannunsa. Na tuna kofunan Umma masu bakin zinariya. Na tuna tagogi uku da fanka, waɗanda ke hannu, tabbas. Na tuna yaran da aka ɗauka aiki kwanan nan. Zan iya cewa ana kan dubawa. Amma na riga na san inda wannan maganar za ta faɗi: nan a kan teburina, kuma gobe da jibi bayan Uwar Layi zan ci gaba da kallo.

Har yanzu ban san ko gaskiya ce ta tura ni ko tsoron shirun nan ba. Na ce, "An like su da walda."

"An like su da walda!"

Manaja ya ɗaga hannu biyu. "Ya isa! Ku tsaya!" Amma ba a miƙa tasa ba.

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ji an riga ni. Daga ɓangaren guga wata siririyar murya ta ce, "Na faɗi a nan." Mata suka waiga, sun gani da idonsu ranar, suka ɗauka: "Ta faɗi a nan!" Wata daga tsakiya ta ce, "Ni ma, da ciki." Aka miƙa. Wata ta ce, "Aka ce ban karya ba, alhali na karya." Aka miƙa, har da dariya mai ɗaci. Ba wanda ya kira sunan Maɓalli. Uwar Layi ce ta rufe, ta miƙe tsaye da ƙyar saboda gwiwarta, ta ce:

"Ba raguwa a cikinmu. Ɗakin ne."

Wannan kam har ni na ɗauka. Makirufon na hannuna kamar ludayi, ba ni ce mai magana ba kuma. Ina faɗa ina jin wani abu na sauka daga ƙirjina, don ni ma na taɓa faɗuwa a bayi ban gaya wa kowa ba, ina ganin laifin jikina ne.

Matar mai tabarau ta tashi, ta taka zuwa bango, ta ɗaga labule mai ruwan madara da yatsa biyu. Ta daɗe tana kallon ƙarfen.

Ranar Akawu bai raka ni tasha ba. Na tura masa, "Ka isa gida?" Alama ɗaya. Na tura, "Ba da gangan na fara ba." Alama biyu, ba amsa. Na rubuta, "Amma na biyun da gangan ne," na goge, na sake rubutawa, na goge.

Washegari mai walda ya dawo, shi dai wanda ya like, ya yanke tagogin duka, ba uku ba. Da iska ta fara shigowa, ƙyallayen da ke kan tebura suka tashi sama, mata suka yi ta guɗa. Kafin a tashi kuma aka sanar cewa baƙin sun dakatar da rabin aikin sai sun sake dawowa dubawa. Aka ce sababbin ɗauka su zauna a gida tukuna. Ɗaya daga cikinsu, mai goyo, ta tsaya a gabana a bakin ƙofa ta ce, "Anti Rediyo, yanzu iskar zan kai wa yarana?" Aka kira Uwar Layi sama, ta sauko da jakarta, wai an ba ta hutu saboda gwiwa. Na bi ta ina kuka, ta ce, "Ke, share hancinki. Ki kula mini da layi." Akawu kuma aka ce an sauko da shi sito, yana ƙirga kwalaye.

A gida Gwaggo ta ji labari tun kafin in faɗa.

"Na ce ki ɗaure shi da igiya! Igiya!"

"Gwaggo, kalma ɗaya ce ta suɓuce."

"Kalma ɗaya! Ai ashana ma ɗaya ake ƙyastawa."

Na Umma ne ya fi yi mini ciwo. Ta ci gaba da shiri kamar ba abin da ya faru. Asabar ta zo, ta dafa shinkafa da kaji, aka aro kujeru daga maƙwabta, Baba ya sa babbar rigarsa ya bar kujerar roba ya zauna a ta falo. Na sa leshi ruwan hoda, na zauna a bakin gado da waya a cinya. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Man kajin ya daskare. Duk babur ɗin da ya wuce sai Umma ta gyara mayafi. Baba ya leƙo ɗakin, ya dube ni, ya ce, "Kamfanin nan na ranar, na ji an rufe shi." Na ce wanne? Ya ce, "Na cikin wayarki, mai kula da ku kamar 'ya'yansa." Ya saki labule ya koma.

Rana ta yi ja wayar ta yi motsi. Mai Biro.

"Kawunaina sun ce a dakata. An sauke ni. Na ji kunya a gaban mutane. Ina jin haushinki sosai. Na shiga Tanda jiya da rana ɗaukar kwali, ban san haka yake ba ko da tagogi a buɗe. Ina sonki. Ina ƙofar gida."

Na karanta, na sake karantawa. Ba ranki ya daɗe, ba kyakkyawar niyya. Ko hannunsa ne ya rubuta? Ko don ya rasa kujera ne ya ga ba sauran abin gogewa? Ko kuwa sabon ciniki ne ya zo da shi a sabon kwali?

Gwaggo ta banko labule, Umma na bayanta. "Shi ne? Me ya ce? Ke, me ya ce?"

Na buɗe baki zan faɗa musu, sai na tuna dokar miƙa. Ban gani ba tukuna.

"Ina zuwa, Gwaggo."

Na ja mayafi na ratsa falo, tsakanin kujerun aro da ba wanda ya zauna a kansu. In kuna son lissafin cinikin bencin mai shayi, ga shi. Matan Tanda sun ci riba, sun sami iska, sun kuma daina ba da haƙuri in jiri ya ɗebe su. Mai walda ya fi kowa, an biya shi ya like, an biya shi ya yanke. Manaja ya yi asarar labulaye da rabin aiki, amma yana nan a kujerarsa. Uwar Layi da mai goyon nan su suka biya kuɗin iskar da muke shaƙa, ba kuwa su suka yi cinikin ba. Umma ta yi asarar kajinta. Akawu ya rasa bene da sanyi. Ni kuwa, na sayar da bakina a kan tagogi uku, kayan suka ƙi karɓuwa, kuma har na kai hannu kan sakatar ƙofa ban san a wane layin zan sa kaina ba.

Na zare sakatar. Yana tsaye jikin babur ɗinsa, rigarsa duk ƙurar kwali, gumi na bin wuyansa, ba hankici a hannunsa.

Na ce, "Faɗi abin da ka rubuta. Ina kallonka."